Ku Duba Kwanon 'Ya'yanku Mata



A zangon da ya wuce wata ɗalibata ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar hadda. Wasu suka ce iska ce. Ni kuwa da ma na ɗauke ta raguwa, saboda yawan gyangyaɗinta. Da aka kai ta asibiti sai aka ce jininta ne ya yi ƙasa. Wallahi na ji kunya, domin sau da yawa na yi mata faɗa, alhali yarinyar nan ba ta ko karyawa take zuwa.

Ku sani, tsakanin shekara 10 zuwa 19 mutum yake samun kusan rabin nauyin da zai yi idan ya girma. Ita mace kuma ga jinin al'ada da take zubarwa kowane wata, wanda abinci ke taimakawa wajen mayar mata da shi. Amma a gidajenmu ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai talla, ita ce kuma mai cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi. Yarinyar da ta tsumbure yau, gobe ita ce za ta sha wuya a wurin haihuwa.

Ra'ayina shi ne a riƙa auna tsawo da nauyin kowace ɗaliba farkon kowane zango. Malama ce za ta auna, a keɓe, ta rubuta a kati a kai wa iyaye. Hijabi yana ɓoye rama, sikeli kuwa ba ya ɓoyewa. Lissafin ba wuya: a raba nauyi da tsawo, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Misali, mai kilo 36 da tsawon mita 1.5 za ta sami 16, alhali a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 matsakaiciyar 'yar shekara 15 tana wajen 20. Irin wannan sai a kai ta wurin ma'aikatan lafiya.

Wani zai ce, "Malam, abinci ya yi tsada." Gaskiya ne. To amma ba kaza na ce ba. Wake, zogale, alayyaho, daddawa, busasshen kifi, da 'yar hanta in hali ya yi, duk suna ƙara jini. A haɗa da lemo ko gwaiba, a bar shan shayi tare da abinci, domin yana rage amfaninsa ga jini. A kuma nemi maganin tsutsar ciki.

Iyaye mata, yau da dare ku duba cikin fatar idon 'yarku da tafin hannunta. In sun yi fari, kada a jira sai ta faɗi. Ku kuma 'yan mata, ku daina tsallake kalaci, ko koko da ƙosai ne.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.