Hukuncin GPS da Tambayar da Alƙalai Suka Kewaye

Shari'ar Antoine Jones ta samo asali ne daga sakacin jami'an tsaro. A 2005 ana zarginsa da fataucin hodar ibilis a birnin Washington, sai jami'ai suka karɓi izinin kotu don manna na'urar GPS a motar da yake hawa. Izinin ya ƙayyade kwana 10, kuma a cikin Washington. Su kuwa a rana ta 11 suka manna ta, a jihar Maryland. Kwana 28 na'urar tana kai rahoton duk inda motar ta nufa, har bayanan suka haura shafi 2,000. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2010.

Gwamnati ta amsa cewa ta saɓa sharuɗɗan izinin, amma sai ta je Kotun Ƙolin Amurka tana cewa ai tun farko ba ta buƙatar izinin kowa. Madogararta hukuncin Knotts na 1983 ne, wanda ya ce mai tafiya a kan titi ba shi da sirrin da zai kare, tunda idon kowa na kansa. A zaman 8 ga Nuwamba 2011, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya tambayi lauyan gwamnati Michael Dreeben ko hujjar ta halatta a manna irin wannan na'ura a motocin alƙalan kansu. Lauyan bai musa ba. Daga nan aka ga inda aka dosa.

Ranar 23 ga Janairu 2012 alƙalai tara duka suka ba gwamnati rashin gaskiya, kuma har gobe ana yi wa hukuncin kirari. Kirarin ya yi yawa. Antonin Scalia, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye biyar, ya rataya komai a kan taɓa motar: jami'ai sun yi kutse cikin dukiyar mutum don neman bayani, abin da ya faɗa ƙarƙashin Gyara na Huɗu na tsarin mulki, na 1791. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Samuel Alito ya yi wa dalilin shaguɓe, yana nuna cewa kafin a sami makamancin wannan a ƙarni na 18, sai dai a ɓoye wani ɗan mitsitsin ɗan sanda cikin keken doki har tsawon makonni. A ganinsa daɗewar bibiyar ita ce illar. Sonia Sotomayor ta fi kowa hange, domin ta lura cewa sawun mutum kaɗai na tona addininsa, siyasarsa da asibitin da yake zuwa.

To in ba a taɓa motar ba fa? Wayar da ke aljihu tana yin aikin na'urar a kyauta, mai ita ne ma ke yi mata caji. Sai da aka shekara shida kafin kotun ta tunkari wannan a shari'ar Carpenter ta 2018, inda jami'ai suka karɓi bayanan wuraren da wayar mutum ta zaga na kwana 127 daga kamfanonin waya. Da ƙyar aka sami biyar bisa huɗu cewa sai da cikakken izinin kotu, kuma aka bar batun bibiyar kai tsaye a buɗe. Masu kare jami'ai na cewa jiran alƙali na ba mai laifi tazara, sai dai dokar ta riga ta ware yanayin gaggawa.

A Najeriya sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida, wasiƙu da maganar tarho, sashe na 45 kuma ya buɗe ƙofar taƙaita shi da sunan tsaro. Tun daga Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato kowace waya tana ɗauke da sunan mai ita, alhali kalmomin sashen na 37 har yanzu zancen wayar tangaraho suke yi.