Robar hannun babur: kada garin neman gira a rasa ido

A makon nan zan ajiye maganar jarrabawa a gefe, in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da ya kusa kwantar da ni a asibiti, wato robar da ake sa wa hannun babur.

Babur ɗin da nake zuwa makaranta da shi Boxer ne, yayana ya bar mini shi da zai tafi bautar ƙasa. Robar hannunsa ta cinye, ta dama ma har ta tsage. Sai na nufi shagon kayan babur, na tarar da su kala-kala a rataye. Nan take idona ya faɗa kan wata mai ruwan zinare, rabinta alminiyam, tana ta ƙyalli. Ban tambayi komai ba. Abin da ke raina kawai shi ne yadda abokai za su kalle ta idan na faka a bakin ɗakin lacca. Yaron shagon ya shafa mata ɗan baƙin mai don ta shige da wuri, ya bubbuga ta da tafin hannu, na biya na kama gabana.

Bayan kwana uku ina sauri in riski laccar ƙarfe takwas, sai wani mai Keke Napep ya tsaya a gabana ba tare da sigina ba. Na saki totur, amma totur ya ƙi komawa. Inji yana ta ihu, babur yana ƙara gaba. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci, na taka birki, sannan na kashe makulli. Tsakanina da bayan keken bai kai taku ɗaya ba.

Da na tura shi wurin wani dattijon bakanike a unguwarmu, ya duba ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro, wa ya sa maka wannan?" Na ce, "Baba, a shago aka sa mini." Sai ya nuna mini cewa an tura robar dama har bakinta yana gogar gidan maɓallai, shi ya sa totur yake maƙalewa. Ta hagu kuma tana juyawa a hannu saboda man da aka shafa, domin mai ba ya bushewa. Ga abin da na koya daga wurinsa da kuma wahalar da na sha.

Da farko a san girma. Yawancin baburan da muke hawa kaurin ƙarfen hannunsu milimita 22 ne. Wasu manyan babura, irin su Harley-Davidson na Amurka, nasu inci ɗaya ne, wato milimita 25 da ɗoriya, kuma robarsu ba za ta zauna a namu ba. Sannan robar dama da ta hagu ba ɗaya ba ne. Ramin ta dama ya fi faɗi, saboda a kan bututun totur take zama, ita kuwa ta hagu a kan ƙarfe kai tsaye. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka tafi da tsohuwar shago, ka gwada tsawonsu da faɗin raminsu.

Na biyu, a duba abin da aka yi ta da shi. Mai alminiyam tana da kyan gani, amma idan babur ya yini a ranar watan Afrilu ba ta taɓuwa don zafi, idan hannu ya yi gumi kuma sai santsi. Ta soso tana da laushi, tana rage jijjigar inji, sai dai tana shan ruwa da damina kuma ba ta daɗewa. Roba zalla mai zane-zane a jiki, wadda ba ta cika tauri ba, ita ce ta fi dacewa da mai hawa kullum. Ka riƙe ta a shago ka ji. Idan ta yi wa tafinka kauri, yatsunka za su sha wuyar kai wa birki da kuloci, musamman 'yan uwa mata da masu ƙananan hannu.

Na uku, yadda ake sa ta. A goge ƙarfen tsaf, a cire tsohon gam da datti. Kada a yarda a shafa mai ko giris. Ɗan ruwan sabulu ya isa, ko gam ɗin da aka yi don wannan aiki, sannan a bar ta ta bushe kafin a hau. A bar 'yar tazara tsakanin bakin robar dama da gidan maɓallai.

Na ƙarshe, gwaji. Kafin ka tayar da inji, murɗa totur har ƙarshe ka saki. Dole ya koma da kansa nan take. Karkata kan babur dama da hagu ka sake gwadawa. Ka kuma murɗa ta hagu da ƙarfi, idan ta motsa aiki bai kammala ba. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma da na yi shi a bakin shagon nan da ban shiga abin da na shiga ba.

Yanzu baƙar roba ce a babur ɗina, babu wanda ya taɓa yaba ta, amma totur yana komawa duk lokacin da na sake shi. Mai ruwan zinaren kuwa tana nan a cikin akwatin littattafaina. Idan kai ma ka canza taka kwanan nan, ka gwada totur ɗinka gobe da safe kafin ka fita.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.