Yaushe Narkakken Cakulan Yake Daskarewa?

 

Yau filinmu zai shiga madafa. Maza, kada ku ajiye jarida ku ce wannan zancen mata ne. Kuɗin da ake kashewa a madafa daga rumbu suke fitowa, ko daga garke. In sun lalace a tukunya, gida duka ya yi hasara.

A Ƙonni da Malbaza da Illela, har da garuruwa irin su Galmi da Badagishiri, akwai ƴan mata da matan aure da suka koyi yin kek, wanda wasu ke ce wa gato. Suna yi don salla, don suna, don garar amarya, wasu kuma don saidawa. Wasunsu suna narka cakulan, wato shokola, su zuba bisa kek ko cincin ko soyayyar gyaɗa. To, in an narka shi an zuba, minti nawa zai yi kafin ya daskare? Wata za ta ce nata ya kama tun ba ta gama wanke kwano ba. Wata za ta ce nata ya kwana yana malala. Dukansu gaskiya suka faɗa. Bari mu ga dalili.

Da me ake yin cakulan?

Ana yin shi da ƴaƴan itacen koko. Ba kokon gero da muke sha da safe ba. Wannan itace ne na ƙasashen kurmi masu ruwan sama da yawa. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Ƴan cin raninmu da suka je Kwaddibuwa da Gana sun ga gonakinsa da idonsu. Waɗannan ƙasashe biyu su ke noma wajen rabin kokon duniya. A shekarar 2024 tsadarsa ta kai inda ba a taɓa gani ba, har tan ɗaya ya wuce dalar Amurka 10,000. Ke nan abin da ke cikin kwanonki ba abin wasa ba ne.

Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. Wannan mai shi ke riƙe cakulan. In man ya daskare, cakulan ya yi tauri. In man ya narke, cakulan ya zama ruwa. Yana narkewa in zafi ya kai wajen digiri 34 na ma'aunin zafi. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Shi ya sa yake narkewa a baki, yake kuma ɓata hannun yara.

Makiyaya, ku kun riga kowa sanin wannan karatu. Ku dubi soyayyen man shanu a kwalba. Da ɗari sai an sa cokali an haƙo shi. Da bazara kuwa tsiyaya shi ake yi. Babu wanda ya ɗora shi a wuta, zafin gari ne kawai. Haka man kaɗe yake yi. Halin man koko ke nan. Don kusancin halinsu ne ma, tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa man kaɗe kaɗan cikin cakulan, kada ya wuce kashi 5 cikin 100.

Inda ake yin kuskure

Matanmu gwanaye ne wajen alewa da kantu. Sun san in sukari bai kama ba, wuta ce ba ta ishe shi ba. Sai a ƙara dafawa har ruwan ya ƙone, a ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ya yi ƙaras an sauke. Alewa tana daskarewa ko da tsakar bazara, don sukarinta sai ya kai wajen digiri 150 kafin a sauke shi. Zafin garinmu a wurinta sanyi ne.

Wadda ta ɗauki wannan dabara ta kai wa cakulan, ta yi ɓarna. Ƙarin wuta ba ya sa shi kamawa. In zafinsa ya wuce digiri 50 da yawa, sai ya ƙone, ya yi gudaji, ya yi ɗaci. Ku riƙe wannan da kyau: alewa wuta take so, cakulan sanyi yake so.

Iri biyu ne a kasuwa

Na ɗaya shi ne mai man koko na ainihi. Ya fi daɗi, ya fi tsada, ya fi wuyar sha'ani. Na biyu an cire masa man koko an sa wani mai, galibi man alayyadi. Ya fi araha, ya fi saurin kamawa, kuma ya ɗan fi jure zafi. Mai saidawa a garinmu, na biyun ya fi mata sauƙi. Ga amfanin karatu: a juya bayan takarda a duba abin da aka rubuta an sa ciki. In da Faransanci ne ko Ingilishi, a kai wa ɗan makaranta ko malamin aji ya duba.

Yadda ake narka shi

1. A yanka shi ƙanana da wuƙa busasshiya.
2. A kasa shi kashi 3. A zuba kashi 2 a kwano busasshe, a ajiye kashi 1.
3. A dafa ruwa a tukunya, a sauke. A ɗora kwanon bisa bakin tukunyar, ana juyawa a hankali har ya narke.
4. A ɗauke kwanon, a goge gindinsa. A zuba kashi 1 da aka ajiye, a yi ta juyawa har shi ma ya narke.
5. A taɓa kaɗan a leɓen ƙasa. In an ji ɗumi, da saura. In an ji ɗan sanyi-sanyi, ya yi.

Me ya sa ake ajiye kashi ɗaya? Kamar nono ne. Mai nono tana zuba ɗan tsohon kindirmo cikin sabuwar madara don ta kama. Haka cakulan da bai narke ba yake nuna wa narkakken hanyar daskarewa. Wanda aka yi wa haka yana saurin kamawa, yana sheƙi, in an karya shi ya ce ƙas. Mai man alayyadi ba ya bukatar wannan, narkawa kawai ta ishe shi.

Babban gargaɗi: kada ruwa ya shiga, ko ɗigo ɗaya, ko tururi. Da ya shiga, sukarin da ke ciki sai ya cure, cakulan ya koma kamar tuwo. Kuma kada a zuba shi bisa kek mai zafi. A bar kek ya huce sarai, awa 1 ko 2.

To, minti nawa?

A wuri mai sanyi, wajen digiri 18 zuwa 20, kamar safiyar ɗari:

Shafi marar kauri bisa cincin ko gyaɗa yana fara kamawa cikin minti 5. Ya yi tauri cikin minti 20 zuwa 30.

Zubi mai kauri, kamar wanda aka zuba a ƙananan kwanoni, yana kai awa 1, wani lokaci ya wuce.

Mai man koko da aka narka duka ba a ajiye kashi ɗaya ba, yana iya cin awoyi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya yi fari-fari a sama. Wannan ba ruɓa ba ce, man ne ya taso. Ana ci, amma mai saye zai yi tsammanin ya tsufa.

A firiji, minti 10 zuwa 20 sun isa.

Wanda aka gauraya da madara mai yawa ba ya yin tauri ko kaɗan. Kauri kawai yake yi, bayan awa 2 ko fiye a firiji. Kada a zauna jiran sa ya ce ƙas.

In zafin ɗaki ya kai digiri 30 ko ya wuce, kada a ƙirga minti. Ba zai kama da kyau ba, ko an jira har gobe.

Mu dubi garinmu

A watan Afirilu da Mayu, zafin rana a Ƙonni yana kai digiri 40, har ya wuce. A watan Disamba da Janairu kuwa, da asuba yana sauka wajen digiri 15. Ke nan lokacin cakulan a ƙasarmu shi ne ɗari, daga asuba zuwa hantsi.

Wadda ba ta da ma'aunin zafi, tana da kwalbar man shanu. Ta ajiye ta a ɗakin da za ta yi aiki. In man ya daskare da ƙarfi, bisimilla. In ya yi laushi, aikin zai ja lokaci. In yana tsiyaya, ranar ba ta cakulan ba ce, sai in akwai firiji.

Inda babu lantarki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya. Wani malami na jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta a shekarun 1990. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen zane, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Tana sanyaya abu kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ba ta kai firiji ba, amma tana taimako lokacin da iska ta bushe. Da damana ba ta aiki sosai. A sa cakulan cikin kwano mai murfi, don kada laima ta taɓa shi.

Mai firiji ma ta kula. In ta fito da shi cikin zafi, sai ya yi gumi, ya yi danƙo. Ta fito da shi a rufe, ta bar shi a rufe har sanyin ya ragu. Kuma ta tuna, firiji ba ya bin kek zuwa kasuwa. Abin da ya daskare cikin minti 15 zai narke bisa tire kafin azahar. In biki ya faɗo da bazara, gara a zuba garin koko cikin kwaɓin kek a gasa tare. Ɗanɗanon yana nan, kuma babu abin da zai malale a kan hanyar gidan amarya.

Kafin a zuba duka, a gwada. A shafa kaɗan a bakin wuƙa, a ajiye, a duba agogo. In minti 10 sun wuce bai kama ba, a dakata. Cakulan da ke kwano ana iya rufe shi a sake narkawa gobe da asuba. Wanda aka riga aka zuba bisa kek 30 ba ya kwasuwa.

Lissafin wannan wata

A ce wata mata ta kashe jikka 2 wajen fulawa da sukari da ƙwai da mai. Ta kashe jikka 3 wajen cakulan. Ta yi kek 30. In ta saida kowane ɗaya dala 50, ta samu jikka 7 da rabi, ribarta jikka 2 da rabi. To, in cakulan ya malale, ta karyar da su dala 25, nawa za ta samu? Nawa ta faɗi daga uwar kuɗinta? Ku tuna jikka 1 dala 200 ce. Ku yi a allo, ku kai wa malamin ajinku ya duba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na cikin gida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.