TANTAN TA GARI ITA CE MAI MAKANIKI A KUSA

A 'yan shekarun nan wata shawara ta yawaita a tsakanin 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu. Wanda duk Allah ya buɗa wa, sai ya yi niyyar sayen ƙaramar motar noma, watau tantan, ya aika gida. Niyya ce mai kyau. Amma gardamar da ake tafkawa a zaure, ko wace iri ce ta fi, yawanci kan suna da launi take tsayawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, in ta lalace ana tsakiyar huɗa, wa zai gyara ta, kuma ina za a sami kayan gyaran?

Ja ɗin nan da kowa ya sani ita ce Massey Ferguson. Tsohon suna ne, tun 1953 kamfanoni biyu suka haɗu suka kafa shi. Ta daɗe a ƙasar nan, makanikai sun san cikinta kamar yunwar cikinsu, kayanta kuwa ba su wuyar samu a manyan garuruwan Arewa. Sai dai samfurin 375 da ya yi suna mai ƙarfin doki 75 ne, ya fi ƙarfin ƙaramar gona, ya kuma fi shan man gas.

Koriyar nan mai ƙafafu rawaya ita ce John Deere ta Amurka. Ƙarfe ne na ƙwarai, amma tsadarta ba ta tsaya ga ranar saye ba, tana bin mai ita duk ranar da wani abu ya karye. Mahindra da Sonalika kuwa daga Indiya suke. An ƙera su ne domin manomi mai 'yar gona irin na ƙasarsu, injinsu ba shi da sarƙaƙiya, kuɗinsu da dama-dama. Kubota ta Japan, mai launin lemo, ta yi fice wajen ƙananan injuna da aikin shinkafa, amma kada a saye ta sai an tabbata akwai dillalinta kusa.

Ya kamata kuma a sani, sunan da ke bisa goshin mota ba shi ne ke faɗin inda aka haife ta ba. Ana ƙera Massey Ferguson a Lahore ta Pakistan, ana ƙera ƙananan John Deere a Pune ta Indiya. Saboda haka mai saye ya tambayi masana'antar da ta fito, domin kayan gyaran sukan bambanta.

Tarihi ya isa ishara. Zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980 an kawo motocin noma masu yawa, har aka kafa masana'antar haɗa Steyr a Bauci. Da yawa daga cikin motocin wancan zamani ba tsufa ne ya kashe su ba. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba ya lalace, aka rasa madadinsa, mota ta zama wurin kwanan kaji a harabar ma'aikata.

Sai kuma maganar gona kanta. Mai kadada ɗaya ko biyu ba zai iya ciyar da babbar tantan ba, sai fa in za ta riƙa aikin haya a gonakin maƙwabta, kuma da direba mai amana. Ga manomin shinkafa a fadamun Kura ko na Kabi, 'yar ƙaramar nan mai ƙafa biyu da ake bi a baya ta fi dacewa, domin tana shiga ƙananan fangali inda babba za ta kafe. A jigawa kuwa, inda ƙasa rairayi ce, garmar shanu ba ta ƙare aiki ba tukuna.

To, mai niyya ya yi abu uku kafin ya fitar da gumin shekaru. Ya aika a tambayi makanikin da ya fi kusa da gonar, wace iri ya saba gyarawa. Ya sa a zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a ji kuɗin famfon mai da matata da faifan garma na wannan irin. Samunsu a Ladipo ba ya amfanar wanda motarsa ta tsaya a Gumel cikin watan Yuni. Sa'an nan ya ware kuɗin garma da haro da tirela da man damina guda, domin tantan ba kayan aiki ado ce kurum.

Damina ba ta jiran kowa. Motar da ta kwana bakwai tana jiran kaya daga Ikko ta riga ta cinye ribar shekara, ko da wane irin suna ne a goshinta.