Amarya, ba kowace fita ce taki ba yanzu

Yawon shaƙatawa ya zama yayi: yau a hau Dutsen Kufena, gobe kilisa, jibi Yankari, kowa na neman hoton ɗorawa a Instagram. Ba laifi. Sai dai a ayarin ba a rasa amarya mai ƙaramin ciki da kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ƙawaye su ce "haba, ke dai zo mu je", ita kuma ta kasa cewa a'a.

Ni fa ban yarda a kulle mai ciki a ɗaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi ta riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, kuma yawancin ɓarin watanni ukun farko daga halittar ɗan tayin yake, ba daga tafiyar ƙafa ba.

Amma doki daban ne. Ya firgita ya kayar da ke, wa gari ya waya? Haka hawan dutse da rana tsaka, ga laulayi, ga jiri, ga amai ya tsotse ruwan jiki. A Yankari kuwa, ɗumin ruwan Wikki wajen digiri 31 ne, bai kai na jikinki ba. Sauro ne abin gudu, don zazzaɓinsa ya fi jigata mai cikin fari. Ki tafi da gidan sauronki.

Kafin ki shiga mota, ki tambayi likita ko malamar awo, sannan ki raɗa wa ko da mutum ɗaya a ayarin. In kika ga jini ko mara ta murɗa, a nufi asibiti mafi kusa, ba sai an dawo gida ba.