Kafin a kafa wurin cajin mota a hanyar Kazaure, a leƙa rumfar mai cajin waya

Duk kasuwar da ka shiga daga Kazaure zuwa Roni, ko daga Gwiwa zuwa Babura, ba ka rasa rumfar mai cajin waya. Allon sola a kan rufi ko ɗan janareta a baya, katako cike da soket, wayoyi jere kamar an shanya barkono. Ka miƙa wayarka, ya liƙa mata lamba, ya ba ka irinta a ɗan kwali, ka biya kuɗin da kowa a kasuwar ya sani. Ba ya neman sunanka, ba ya cewa ka sauke wani abu a wayar, balle ya ce sai ka ajiye kuɗi a wurinsa tun jiya. Yaron nan ya daɗe da warware matsalar da ta sha kan manyan kamfanonin Turai shekara da shekaru, kuma ina tsoron kada mu tsallake shi mu je mu kwaso tasu.

Na san wani zai ce, Malam, motar lantarki nawa ka taɓa gani a Gwiwa da har ake maganar yadda za a biya kuɗin cajinta? Tambayar tana kan hanya. Amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya zuwa masu aiki da batir, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya na lantarki a titi. Tun 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, a zamanin shugabanta Jelani Aliyu, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Abin da ya kai Sakkwato da Maiduguri ba zai tsallake titin da ya taso daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure ya nufi Daura ba. A ganina ma ba motar alhazai ce za ta fara isowa ba, babur ne da adaidaita sahu, na mutanen da kuɗin mai ke cinye rabin abin da suka wuni suna nema. Tun ran gini ake zane.

A Turai mai motar lantarki yakan yi mafi yawan cajinsa a gida cikin dare, wurin caji na kan hanya kuwa sai tafiya ta kama. Mu namu a juye yake. Wanda ya san yadda wutar KEDCO take a ƙauyukanmu, da garuruwan da turakun ma ba su kai ba, ya san ɗan acaɓan Roni ba zai dogara da soket ɗin ɗakinsa ba. A waje zai yi caji, kusan kullum. Saboda haka yadda ake biya a wurin caji ya fi shafarmu fiye da yadda ya shafe su.

Ga abin da ya faru da su. Kowane kamfani ya kafa na'urorinsa, ya fito da manhajarsa da katinsa. Direba ya tsaya batir ya kusa ƙarewa, na'ura na gabansa da wuta a cikinta, amma ba za ta ba shi ba sai ya sauke manhaja, ya yi rajista, ya shigar da lambar katin banki. Ya ƙara gaba ya tarar da na'urar wani kamfanin, a sake sabon lale. Mutane suka riƙa yawo da manhajoji barkatai a waya da katuna a aljihun mota, farashi kuma ya bambanta a na'ura ɗaya gwargwadon hanyar da ka bi ka biya. Sai da hukuma ta sa baki. Birtaniya ta yi doka a 2023 cewa dole a nuna farashin kowane kilowat a fili, kuma na'urori masu caji da sauri su karɓi katin banki na yau da kullum ba tare da rajista ba. Tarayyar Turai ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a watan Afrilu 2024. Shekaru aka yi ana wahalar da mutane kafin a komo ga abin da kowane gidan mai ya sani: ka zo, ka ga farashi, ka biya, ka wuce.

To amma ko gyaran nasu bai ishe mu ba, domin katin banki ma sai da sabis. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, na tsaya a wani gidan mai a kan hanyar dawowa daga Kano gab da magariba. Babu tsaba a hannun kowa. Na tura kuɗi, aka cire daga asusuna, alat bai shiga wurinsu ba. Na nuna wa yaron shaidar a wayata, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, in bai shigo ba ni za a cire wa a albashi." Gaskiyarsa ce. Na fi awa biyu a wurin da iyali a mota, har sai da wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya ranta mini kuɗin lita kaɗan. Abin da ya cece ni shi ne akwai mutum a wurin, wanda za a yi magana da shi, a roƙe shi, a bar masa jingina. Na'urar da ke jiran umarni daga manhaja ba ta san jingina ba. In sabis ya ɗauke a tsakanin Kazaure da Gwiwa, ko data ta ƙare, ko wayar kanta ta mutu, mai babur zai kwana kusa da wuta babu halin ɗiba.

Sannan wa ke riƙe da babbar waya? Da yawa daga masu haya ƙaramar waya ce a aljihunsu, mai maɓalli, wadda caji ɗaya ke kai ta kwana uku. Wasu sun iya karatun ajami sarai amma rubutun Turanci na manhaja ba nasu ba ne. Akwai kuma wani abin da ya fi ci mini rai: tsarin da ake cewa ka zuba kuɗi a asusun kamfani tukuna sannan ka riƙa cirewa. Mai adaidaita da ke kai balas kowace yamma ba shi da rarar da zai raba wa kamfani uku su riƙe masa. Wannan bashi ne talaka ke ba mai kuɗi, ba riba, ba ranar biya.

Ba na cewa kamfanonin mugunta ce ta sa su. Suna gudun biyan ma'aikaci, suna gudun ajiye tsaba a wurin da za a iya fasawa, suna kuma son riƙe abokin ciniki kada ya koma wa wani. Na farkon hujja ce a ƙasar da hayar ma'aikaci ke da tsada. A nan matasa ne zaune suna neman abin yi. Mai POS da ke ƙarƙashin lema a bakin tasha ya riga ya iya karɓar tsaba, da kati, da tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ya kuma san yadda ake sasantawa in ciniki ya maƙale. A ba shi wurin caji ya kula da shi, ya ci kamisho.

Inda kuma ba za a iya ajiye mutum dare da rana ba, muna da wata dabara a jikin bangon gidajenmu. Mitar wuta ta kati ba ta buƙatar intanet kafin ta karɓi kuɗinka. Ka sayi lambobi ashirin a shago ko ta wayarka, ka danna su, mitar da kanta ta tantance su ta saki wuta. Me zai hana na'urar caji ta yi aiki haka, a sayi lambar a wurin mai shayi ko mai kanti kamar katin waya? Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Da ni malami ne a ɗayansu, wannan aikin zan ba ɗaliban shekarar ƙarshe, a gwada shi a harabar makaranta da babura biyu ko uku.

Sai maganar awo. Mun san lita, mun san mudu, mun kuma san yadda ake buga gindin mudu a rage shi. Wuta ba a ganinta, don haka cuta a cikinta ta fi sauƙi. In aka ce za a sayar da caji da minti, na'ura mai sanyin jiki za ta ci kuɗin mutum ba ta ba shi komai ba. A sayar da kilowat, a rubuta farashin a allo da manyan lambobi yadda gidan mai ke yi, a kuma samu mai zuwa duba ma'aunin. Haka batun musayar batir, irin wanda Spiro ke yi a Benin da Togo, Ampersand kuma a Ruwanda: tsari ne mai kyau ga ɗan acaɓa, ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, amma batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani. Wanda zai sayi babur ya tambayi wannan kafin ya sa hannu.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, fili da izinin gini kuma a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Ranar da kamfani na farko zai zo neman fili a bakin titin Kazaure, ina roƙon wanda takardar za ta biyo ta teburinsa ya yi masa tambaya ɗaya kafin ya buga hatimi: mutumin Gwiwa ya iso da daddare, da ƙaramar waya da naira dubu biyu a aljihu, sabis kuma ya ɗauke, ta yaya zai yi caji ya isa gida?