Wa Ya Ba Ka Izinin Sanin Abin Da Nake Karantawa?

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki zan taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato sirrin mai karatu a laburare, musamman yanzu da aka jera kwamfutoci a ɗakunan karatu kowa na zuwa yana amfani da su.

Mu da muka taso a harkar littattafan Hausa mun san shagunan haya. Mai shago yana da wani dogon littafi da yake rubuta sunan wanda ya karɓa, da sunan littafin, da ranar dawowa. Ba wanda ya ɗauki wannan littafin a bakin komai, amma duk wanda ya buɗe shi ya gama sanin matar wane tana karanta labarin kishiya, 'yar gidan wane kuma ta maƙale wa labaran auren dole. To kwamfutar laburare ta fi wannan littafin tonon asiri nesa ba kusa ba, domin ita har abin da mutum ya tambaya a ɓoye tana riƙewa: ciwon da yake jin kunyar faɗa wa likita, hukuncin saki, neman aiki a bayan idon maigidansa.

A Amurka an yi wata dambarwa a kan wannan. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka kafa dokar Patriot Act, wadda ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro wajen neman bayanan mutane. A watan Yulin 2005 jami'an FBI suka kai wa wata ƙungiyar laburarori a jihar Konetikat, mai suna Library Connection, takarda suna neman a faɗa musu wanda ya yi amfani da wata kwamfuta a wata rana. Babu sa hannun alƙali a takardar, kuma an haramta wa wanda ya karɓa ya gaya wa kowa cewa an kawo ta. Mutum huɗu daga shugabannin ƙungiyar, George Christian da Barbara Bailey da Peter Chase da Janet Nocek, suka ce ba za su bayar ba, suka garzaya kotu. Kusan shekara guda suka yi bakinsu a ɗaure, shari'arsu ake yi amma ba su da ikon cewa su ne masu ƙara. Sai a 2006 aka sake musu baki, gwamnati kuma ta janye buƙatarta.

Abin da ya burge ni shi ne ba su ce kada a kama mai laifi ba. Cewa suka yi a zo da umarnin kotu. Kuma ba ranar suka fara wannan ra'ayi ba, tun 1939 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta rubuta a ƙa'idojin aikinta cewa abin da ma'aikaci ya sani game da mai karatu sirri ne. Ashe su ma sun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na san wani zai ce, to ai mara gaskiya ne ke tsoron a duba. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a, ya san cewa karatun da kake gani ba komai ba ne, gobe wani zai iya kiran sa laifi. Yarinyar da ta san ana leƙen abin da take karantawa ba za ta daina son sani ba, za ta daina zuwa laburare ne kawai, ta koma tambayar ƙawaye, su kuwa su ba ta amsar da ta fi ƙarfinta.

Amma fa a faɗi gaskiya, ma'aikacin laburare yana da nasa uzurin. Kwamfuta biyar, masu jira talatin, ga mai zuwa kallon batsa kusa da yara, ga ɗan damfara. A Najeriya ma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu shagon intanet su ajiye rajistar masu shiga, saboda irin ɓarnar da 'yan 419 suka yi. Don haka ban ce a bar wuri sakaka ba. A ƙayyade wa kowa lokaci, a ware kwamfutocin yara daban da na manya, wanda ya yi rashin ɗa'a a fitar da shi. Duk wannan tsari ne, kuma ba ya buƙatar a san shafin da kowa ya buɗe.

Inda aka fi yin sakaci ma ba wajen jami'an tsaro ba ne, wajen wanda zai zauna bayan ka tashi ne. Ɗalibi ya zo ya cike takardar neman makaranta, ya sauke hoton katinsa mai lambar NIN, ya buga takardar banki, wuta ta ɗauke ko lokacinsa ya cika, ya tashi ya bar komai a kan na'ura, akwatin imel ɗinsa a buɗe. Na gaba ya zo ya tarar da gara. Alhali maganin wannan ya daɗe da samuwa: akwai manhajoji irin su Deep Freeze da suke mayar da kwamfuta yadda take tun farko da zarar an kashe an kunna, duk abin da mutum ya bari ya goge. Ko babu kuɗin saye, ana iya saita na'urar ta riƙa shiga a matsayin baƙo, kada ta riƙe kalmar sirri ko tarihin shafuka. Abin da ya rage sai a juya fuskar kwamfuta daga layin masu jira, a kuma daina barin takardun mutane zube a bakin firinta.

Sai rajista. Me ya sa za a ajiye littafi a kan tebur mai ɗauke da suna da lambar waya da unguwa, kowa ya zo sa hannu sai ya karance na sama da shi? Mata sun fi kowa sanin abin da ke biyo baya, kiran dare daga wanda ba su taɓa ba lamba ba. In dole ne a rubuta, a rubuta a takarda ɗai-ɗai ma'aikaci ya adana a aljihun tebur, in wa'adin da doka ta ce ya cika a ƙone. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ita ma abin da ta ce ke nan, kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa.

Akwai kuma dattijon da bai iya na'ura ba, wanda dole ya miƙa wa ma'aikaci kalmar sirrinsa ya shigar masa. Wannan babu manhajar da za ta kare shi. Shi ya sa nake ganin duk laburaren da zai sayi kwamfuta, ya fara zaunar da ma'aikatansa ya rubuta musu a takarda abin da za su yi in ɗan sanda ya zo ba da umarnin kotu ba, ko miji ya zo tambayar abin da matarsa take dubawa, ko uba ya zo tambayar 'yarsa baliga. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.